Kunamar Bindigar Abu Layan

Saƙon ya shigo wayar Abdulwahid ranar Talata da hantsi, yana tsaye a bakin sito a unguwar Khumra ta birnin Jidda ana sauke buhunan shinkafa daga tirela. Ya karanta, ya goge fuskar wayar da hannun riga, ya sake karantawa. Lasisin da ya nema tun wata bakwai da suka wuce, na mallakar ƙaramar bindiga da ɗaukarta a jiki, ya fito.

"Allahu Akbar!" Ya faɗa da ƙarfin da ya sa direban tirelar ya leƙo ta taga yana tambaya ko haihuwa aka yi masa.

Abdulwahid shekararsa arba'in da takwas, a unguwar Ruwais ta nan Jidda aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga Katsina zuwa aikin hajji, ya sauka a Jidda bai koma ba, don haka su jikokin 'yan ƙasa ne: Larabci a titi, Hausa a cikin gida. Aikinsa kula da siton wani kamfanin kayan abinci. Kowa Abu Layan yake kiransa, da sunan 'yarsa ta fari. Yana da ɗan garken awaki a wani fili can bayan Usfan, wajen gari, inda yake zuwa kowace Juma'a shi kaɗai, kuma sau biyu karnukan daji suna yi masa ɓarna a gaban idonsa, ba komai a hannunsa sai sanda. Wannan shi ne dalilin da yake faɗa wa mutane. Amma matarsa Hind ta sani, tun suna sabon aure ba ya iya wuce shagon kayan farauta bai tsaya ya leƙa ba.

Ita ya fara kira.

"Ya Hind, ta fito! Wallahi rukhsar ta fito!"

"Wace rukhsa? Ta mota?"

"Wace irin mota! Ta bindiga!"

"To, mabruk," in ji Hind tana dariya. "Ka numfasa tukuna, ya Abu Layan, ina jin hakinka kamar ka hau bene. Kuma ka taho mana da burodi."

Kwana tara bayan haka ya karɓo bindigar daga shago mai izinin sayarwa. Baƙa ce, ƙarama, da kubenta na fata da ake ɗaurawa a ƙugu a ƙarƙashin jallabiya. Ya zauna a falo yana juya ta a hannu, ba harsashi a ciki, yana karanta wa Hind takardar da aka haɗo masa: ba a shiga da ita masallaci, ba a shiga ma'aikatar gwamnati ko makaranta, ba a ba wa kowa aro. Sai da ya karanta mata sau biyu. Ya tashi ya ɗaura kuben, ya saki jallabiya a kai, ya tsaya gaban madubi ya juya dama ya juya hagu.

"Ana gani?"

"Ba a gani," in ji Hind. "Fuskarka ce kawai za ta tona maka asiri. Tun ɗazu bakinka bai rufu ba."

Ranar Asabar ƙarfe tara na safe yana ƙofar nadin harbi, wato kulob ɗin masu koyon harbi da ke arewacin gari, tun kafin a gama buɗewa. Ciki sanyi ne da warin albarushi. Aka ba shi abin toshe kunne da tabarau, aka nuna masa layinsa, aka tura takardar da ake auna harbi a kanta ta tafi mita goma. Mai horarwar wani dogo ne mai furfura, ana kiransa Kabtin Othman. Da ya ga sunan kakan Abdulwahid a kati sai ya gaishe shi da Hausa, ya ce shi ma Bahaushe ne, daga cikin waɗanda kakanninsu suka yada zango a Sudan, a Wad Madani aka haife shi. Ya nuna masa tsayuwa da riƙo, ya koma baya.

Abdulwahid ya ɗaga bindiga da hannun dama. Ya ɗora yatsa a kan kunama ya ja.

Ba ta tashi ba.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ƙofar kwantena ta datse masa yatsan nuni na dama. Ya warke, amma gaɓar tsakiya ba ta ƙara lanƙwasuwa sai rabi. Yana rubutu da shi, yana tuƙi da shi, har ya manta da zancen. Sai yau kunamar bindiga ta tuna masa. Ya ƙara ƙarfi, ya haɗa da dukan tafin hannu, bakin bindigar ya sunkuya, sannan ta tashi. Harsashin ya tafi ƙasa, ko gefen takardar bai taɓa ba. Cikin harbi goma, biyu ne kawai suka sami takardar, su ma a can kusurwar ƙasa. Yatsan ya fara zafi kamar an zuba masa barkono.

A layin da ke kusa wasu mutum biyu suna ta dariya, ƙila ma hirarsu daban ce, amma shi ya ɗauka da shi suke. Kabtin Othman ya matso ya ce da irin kiran mutanen Sudan, "Ya zol, bari in ga hannun nan." Abdulwahid ya ce ana jiransa a wurin aiki. Ya cire harsasai, ya tattara kayansa ya fita.

Baƙin cikin bai kai la'asar ba. Yana zaune a ofishin sito ya shiga bincike a waya, sai ga bidiyo iri-iri na mutanen wasu ƙasashe suna nuna bindigoginsu da aka sassauta wa kunama. Taɓawa kaɗan, ta tashi. Ya kalli ɗaya, ya kalli biyar, ya miƙe tsaye. Ashe ba yatsansa ne matsalar ba, bindigar ce aka yi wa tauri fiye da kima! Kuma ya san mutumin da zai iya wannan aiki ido rufe.

Rafi'u ɗan Kaduna ne, a Panteka ya koyi sarrafa ƙarfe tun yana saurayi. Shekararsa tara a Jidda, yana aiki a warsha, wato maƙerar kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa zama a ƙasar, a bayan layin siton, inda ake sassaƙa kayan injuna. Shi ne ya taɓa ƙera wa motar ɗaga kayan su Abdulwahid wani ƙarfe da aka ce sai an jira wata uku a kawo daga waje, ya gama shi a yini ɗaya. Tun daga ranar suka zama abokai.

Washegari da azahar Abdulwahid ya same shi a kan benci yana cin ful, dafaffen waken nan, da burodi, sauran ma'aikata sun tafi cin abinci.

"Abu Layan, bismillah."

"Alhamdu lillahi. Tashi, tashi, zo ka ga wani abu."

Ya ja shi bayan babban injin. Ya ciro bindigar, ya zare gidan harsashi, ya ja ya tabbatar ba komai a ciki, ya ɗora ta a kan wani tsumma mai tsabta. Rafi'u ya saki baki. Ya sunkuya yana kallon yadda aka goge ƙarfen, yadda kowane yanki ya zauna a kan ɗan'uwansa ba rata.

"Kai! Kai! Wanda ya yi wannan ya san aiki. Dubi finishin, don Allah."

"Kunamar ce ta yi min tauri," in ji Abdulwahid, ya nuna masa yatsan, ya nuna masa bidiyon. "Ka gani? Ɗan abu kaɗan ne. Kai da ka tayar da motar ɗaga kaya, wannan ai wasa ne a wurinka. Yalla, minti nawa?"

Rafi'u ya goge hannuwansa a jikin riga. Ya miƙa hannu, har yatsunsa sun kusa taɓa ta, sai ya janye ya sa hannun a aljihu.

"Iyawa kam zan iya. Wallahi hannuna ƙaiƙayi yake. Amma ba zan taɓa ba."

"Don me?"

"Abu Layan, ni baƙo ne, iƙama gare ni, takardar izinin zama kawai, kuma sana'ar da aka rubuta a kanta ba gyaran makami ba ce. Ko riƙe ta bai kamata in yi ba. Ka fita da ita wani abu ya faru, tambayar farko ita ce wa ya buɗe ta. Kai ka yi bayaninka, ko ba daɗe ko ba jima ka koma gidanka a Ruwais. Ni kuwa in na yi sa'a tarhil za a kai ni, gidan tsare waɗanda za a kora, a sa ni a jirgi, kafilina ma a rufe masa warsha a kan abin da bai sani ba."

"Wa zai sani? Daga ni sai kai."

"To ajiye wannan ma." Rafi'u ya jingina da injin. "Ina yaro a Panteka, wani maharbi ya kawo wa maigidana bindigar toka, ya ce kunamar tana sa shi kuskuren nama. Maigida ya sassauta masa, ni na riƙe masa fitila ma. Mutumin ya tafi yana ta sa albarka. Bayan wata biyu ya dawo da sanda yana ɗingishi. Ya rataya ta a kafaɗa bakinta na kallon ƙasa, reshe ya ɗan shafe ta. Yatsun ƙafa biyu suka tafi. Shi a kafaɗa ya rataya. Kai fa a ina za ka sa taka?"

Abdulwahid ya mayar da bindigar kube, fuska a ɗaure.

"In akwatin ƙarfe kake so na ajiye ta a gida, mai makulli biyu, wannan zan yi maka wanda ko da guduma ba a fasa shi," in ji Rafi'u. "Amma cikin ta, sori."

"Halas. Na gode," in ji Abdulwahid, ya fita bai ko waiwaya ba.

Da la'asar Hind ta fito daga kicin ta same shi a falo ya shimfiɗa farin tawul a kan tebur. Ya jera ƙananan sukundirebobi, ya jingina waya a jikin fulas, bidiyo na tafiya.

"Me za a yi?"

Ya yi mata bayani da sauri, da hannu da baki, yana nuna mata yadda abin yake da sauƙi. Ta saurara har ya gama, sannan ta zauna a hannun kujera.

"Rafi'u ya ce me?"

"Rafi'u matsoraci ne."

"Rafi'un da ya fi ka sanin ƙarfe ya ƙi, sai kai. Ya Abu Layan, kai ne fa ka gyara mana fanka bara ta koma juyawa baya, muka yi sati tana hura silin."

"Wannan daban."

"Daban ne mana, fanka ba ta kisa." Ta ɗauke wayar ta kife ta. "Ban ce kada ka yi ba. Amma wata bakwai ka jira takardar nan. Ƙara kwana biyu, ka je ka tambayi wannan Kabtin ɗin naku. In ya ce ka yi, ni zan riƙe maka tocila."

Ya yi gunaguni, ya ce mata ba ta san komai a kan bindiga ba. Ta ce gaskiya ne, shi ma sati biyu da suka wuce haka yake. Dole ya yi dariya, ya naɗe tawul ɗin.

Ranar Laraba bayan la'asar nadin ba kowa sai Kabtin Othman yana shan shayi a bakin kanta. Abdulwahid ya faɗa masa komai, har da zuwa wurin Rafi'u. Kabtin bai yi faɗa ba. Ya ajiye kofi, ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da wani akwati mai soso a ciki. Bindigar gasa ce ta nadin. Ya buɗe ta, ya leƙa, ya nuna wa Abdulwahid ya leƙa shi ma ya ga ba harsashi, sannan ya miƙa masa.

"Fuskanci can. Taɓa kunamar."

Abdulwahid ya ɗora yatsansa mai ciwo. Bai ma san ya ja ba, sai ya ji ƙas.

"Ita ce!" Ya juyo ido a buɗe. "Wallahi irin wannan nake nufi! Ka gani ko? Ko zafi ban ji ba!"

"Na gani. Taka tana son kamar kilo biyu da rabi kafin ta tashi, wannan kilo ɗaya ya ishe ta. Daɗi ko?"

"Daɗi ma!"

"Tayyib. Yanzu ga wani tsohon kube, ɗaura shi yadda kake ɗaura naka, ka saki jallabiya. Ka ciro ta, ka mayar, sau goma. Da sauri, kamar kare ya shigo maka garke, ka kore shi, kana son ka rufe ƙofa."

Abdulwahid ya ɗaura. Ya tattare jallabiya, ya ciro, ya mayar. Na biyu. Na uku. Abin ya fara yi masa daɗi, yana ƙara sauri. A na shida, da ya tura ta cikin kube, wani ɗan ninkin jallabiyar ya bi ta ya shige gaban kunama.

Ƙas.

Ƙarar ba ta fi ta karya tsinke ba, amma Abdulwahid ya sandare.

"Kada ka motsa," in ji Kabtin Othman. "Dubi inda bakinta yake."

Ya duba. Bakin bindigar yana kan cinyarsa ta dama, ta ciki.

"Yatsanka ya taɓa?"

"Bai taɓa ba."

"Akwai babbar jijiya a daidai nan. Daga garkenka zuwa asibiti mafi kusa minti nawa ne?"

Abdulwahid ya kwance kuben a hankali, ya ajiye a kan tebur, ya nemi kujera ya zauna. Gumi ya tsatso masa a goshi duk da sanyin ɗakin.

Kabtin ya mayar da bindigar gasar akwatinta. "Wannan daga akwati take zuwa tebur, daga tebur ta koma akwati. Ba ta yawo a jikin mutum. Taka kuwa za ta yini a ƙugunka, ka sunkuya da ita, ka shiga mota da ita, akuya ta yi maka tsalle a jiki. Taurin da kake zagi, da gangan aka yi shi. Kuma ranar da kare ya taso maka da gaske, hannunka ba zai zama kamar na yau ba. Rawa zai yi. Kunama mai laushi a hannu mai rawa, ba kai za ka zaɓi lokacin da za ta tashi ba."

Ya zuba masa shayi ya tura masa.

"Sai kuma takardarka. An ba ka izini ne a kan wannan bindigar yadda ta fito daga masana'anta. Ko lalacewa ta yi, wurin mai izinin gyara ake kai ta, ba warsha ba, ba teburin falo ba. Ka sa mata hannu, ka ba da dalilin da za a karɓe lasisin da kanka, in ma abin ya tsaya a nan. A ce ka harbi kare, harsashi ya wuce ya sami raƙumin wani, ko Allah ya kiyaye ya sami mutum. Za a ɗauki bindigar a bincika. Da an ga an taɓa cikinta, maganar kuskure ta yi maka wuya. Abokin nan naka ya yi maka alheri, ya zol."

"To ni ke nan na gama," in ji Abdulwahid, yana kallon yatsansa. "Wata bakwai ina jira, ashe kayan ado na sayo."

"Wa ya ce? Ranar Asabar na ce ka nuna min hannu ka gudu. Tashi. Haɗa hannuwanka haka, ka bar ƙaramin rami a tsakiya. Miƙa su. Kalli agogon bangon can ta ramin, ido biyu a buɗe. Kana ganinsa?"

"Ina gani."

"Rufe idon hagu."

"Ya ɓace!"

"Buɗe. Rufe na dama."

"Ga shi nan daram."

Kabtin Othman ya yi murmushi. "Idonka na hagu ne shugaba. In za ka jefi kare da dutse, da wane hannu kake jifa?"

Abdulwahid ya sunkuya kamar zai ɗauki dutse a ƙasa, sai ya ga hannun hagu ne ya riga zuwa.

"La ilaha illallahu," ya faɗa a hankali.

"Yalla, ɗauko taka. Sa abin kunne."

Aka tura takarda mita goma. Kabtin ya gyara masa tsayuwa, ƙafar dama gaba kaɗan, bindiga a hannun hagu, na dama ya tallafe ta daga waje. Da farko ya ji abin banbaraƙwai, kamar ya sa takalmin wani. Ya ɗora yatsan hagu a kan kunamar nan da ta gagare shi.

"Kada ka fizga. Matsa a hankali, har ta tashi da kanta."

Ya matsa. Kunamar ta bi yatsan sannu a hankali, ba gardama, sai ta tashi. Rami ya fito a farin takardar, tazarar yatsu uku daga baƙin da'irar.

"Kuma."

Na biyu ya shiga gefen baƙin. Na uku ya shiga ciki sosai. Da ya cika biyar Kabtin ya danna maɓalli takardar ta taho, ramuka biyar a wurin da tafin hannu zai rufe.

"Ya salam!" Abdulwahid ya fara juyowa.

"Ajiye ta tukuna! Bakinta gaba, zare gidan harsashi, buɗe ta. Yawwa. Yanzu yi ihunka."

Ya yi kuwa. Ya rungume Kabtin Othman har tabarau ɗin tsohon ya karkace, ya fizge takardar yana ɗaga ta sama, yana leƙen fitila ta ramukan. Mai gadi ya leƙo ya ga ko lafiya.

A wurin ajiye motoci, bai ma kunna mota ba ya kira mahaifiyarsa, Hajiya Dela, wadda har yanzu take zaune a tsohon gidansu na Ruwais.

"Inna, don Allah wata tambaya. Ni bahago ne?"

Ta kwashe da dariya har da tari. "Sai yau ka sani? Ai da hagu ka fara komai. Kakarka ce ta ce ba a gidanta ba. Ta ɗaure maka hannun da ɗankwali a jikin riga, wata uku cur, kana kuka kana cin tuwo da dama. Me ya tuna maka?"

"Inna, biyar na harba, biyar suka shiga!"

"Me ka harba? Abdulwahid, me ka harba?"

Sai da ya ɗauki lokaci kafin ya fahimtar da ita takarda ce.

Washegari tun da safe ya tsaya a warsha da ledar mutabbak mai zafi, soyayyar fulawar nan mai nama da ƙwai a ciki. Rafi'u yana ganinsa ya kashe injin. Abdulwahid ya ba shi labarin jallabiya da ƙarar ƙas, ya nuna masa daidai wurin a cinyarsa. Rafi'u ya riƙe kai.

"Ka yi haƙuri da abin da na faɗa a kanka," in ji Abdulwahid.

"Me ka faɗa?"

"Na ce wa Hind kai matsoraci ne."

"Ai ba ka yi ƙarya ba. Tsoron ne ya kawo ni shekara tara a garin nan lafiya." Ya buɗe ledar ya ɗauki yanki. "Akwatin fa, a yi?"

Aka yi akwati. Kwana huɗu Rafi'u ya kawo shi, mai nauyi, makulli biyu, ya kafe shi da kansa a bangon cikin kabad. Abdulwahid ya sayi sabon kube na hagu, mai tauri, wanda yake rufe kunamar gaba ɗaya. Kabtin ya koya masa mayar da bindiga kube a hankali, ido a kai, hannu ɗaya ya janye jallabiya gefe, ya ce a ciro ne ake sauri, a mayarwa ba wanda yake koro. Sati shida yana zuwa nadi Asabar da Laraba. A gida ya koma ɗaukar kofi da hagu, buɗe ƙofa da hagu, har ya gwada sa hannu a takardun sito da hagu, aka dawo masa da su aka ce ba sa hannunsa ba ne.

A ƙarshen wata na biyu nadin ya shirya ƙaramar gasa ta sababbin shiga, ranar Juma'a bayan la'asar. Mutum goma sha huɗu. Hind ta zo ta zauna bayan gilashi, Rafi'u ma ya zo da sabuwar riga, an ba shi katin baƙo ya rataya a wuya. Kafin a fara, alƙalin gasar ya bi bindigogi ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Ya ɗauki ta Abdulwahid, ya gwada kunamar da ma'auni, ya ajiye ya wuce ba magana. Abdulwahid ya waiga ya kalli Rafi'u ta gilashi, Rafi'u ya ɗaga masa babban yatsa.

Harbi ashirin ne. Goman farko suka tafi lafiya, har ya ji wani a bayansa yana tambayar wane ne wannan mai harbi da hagu. Jin haka sai farin ciki ya ɗebe shi, ya yi gaggawa, na goma sha ɗaya ya fita daga baƙi gaba ɗaya. Ya sauke hannu, ya ja numfashi sau uku yadda aka koya masa, ya ci gaba. Na ƙarshe ya shiga tsakiya cif.

Da aka liƙa sakamako, shi ne na huɗu. Maki biyu ne tsakaninsa da na uku.

"Na huɗu! Cikin goma sha huɗu!" Yana faɗa wa Hind kamar ba a gabanta aka yi ba. Ita kuma tana ta ɗaukar hoton takardar tana tura wa Layan. Rafi'u ya ce shi da za a tambaye shi, wancan na ukun sa'a kawai ya yi.

Abdulwahid ya ce kowa ya shiga mota, kifi za a ci a bakin teku, har da Kabtin. Kabtin Othman ya ce shi yana da sauran aiki, sai ya rufe ɗakin ajiya. Ya rako su har ƙofa, ya riƙe hannun Abdulwahid.

"Harbi na goma sha ɗaya, ka san abin da ya faru?"

"Na sani. Na ji ana yabona."

"To. Kuma gwiwar hannunka tana sauka in ka gaji. Asabar ƙarfe tara, za mu gyara."

"Takwas da rabi zan zo," in ji Abdulwahid. Hind ta danna masa hon daga cikin mota, ya saki hannun Kabtin ya ruga.